Shimfiɗar Kariya a Ƙarƙashin Murhun Itace

 

Mas'alar da zan gabatar a wannan majalisi mai albarka ta ƙasashen sanyi ce, irin su Kanada da Amurka da Ingila, inda mutane da yawa ke ɗumama gidajensu da murhun ƙarfe mai cin itace, alhali kuwa daɓen ɗakunan nasu sau da yawa katako ne. Mu da muka tashi bisa daɓen ƙasa da siminti, wanda ko kaskon garwashi aka ajiye masa da hunturu ba ya ci, mukan ɗauki lamarin da sauƙi. Amma 'yan'uwanmu da neman ilmi ko fatauci ya kai can, da ɗalibanmu masu nazarin gine-gine, wajibi ne su san hukuncinsa.

Ku sani haɗarin da shimfiɗar kariya ta ƙarƙashin murhu ke tarewa iri biyu ne: na zahiri, wato garwashi da tartsatsin da ke zubowa idan an buɗe ƙofar murhu, da na baɗini, wato zafin da ke sauka daga gindin murhu yana ratsa abin da aka shimfiɗa. Saboda haka ne ma'aunin UL 1618 na Amurka ya kasa shimfiɗu gida biyu, na farko mai tare garwashi kaɗai, na biyu mai tare garwashi da zafi gaba ɗaya. A nan ne mafi yawan mutane ke yin kuskure, domin sukan yi zaton cewa tunda dutse da tayil ba sa cin wuta, to lalle sun wadatar, alhali abin da ba ya ƙonewa yana iya miƙa zafi ga abin da ke ƙonewa. Katakon da ke ƙarƙashi, idan ya shekara da shekaru yana gasuwa a ɓoye, sai ɗabi'arsa ta sauya, ya wayi gari yana kamawa da zafin da a da ba ya yi masa komai, kuma wutar ta tashi inda ido ba ya gani.

Masana suna auna ƙarfin tare zafi da adadin da suke kira R, wanda ake samu idan an raba kaurin abu da gwargwadon yadda yake watsa zafi, kuma idan an jera abubuwa bisa juna sai a tara adadinsu. Bulon ƙasa gasasshe mai kaurin inci ɗaya bai wuce kimanin 0.2 ba, siririn tayil kuwa kusan babu, amma rabin inci na allon Micore 300 yakan kai kimanin 1. Ashe ke nan idan littafin murhu ya shardanta R ɗaya, sai an jera bulo wajen inci 5 kafin a kai ga abin da wannan allo ke yi. Sai dai shi allon taushi gare shi, dole a rufe shi da allon siminti, sannan a bi da tayil.

Faɗin shimfiɗa ma yana da haddi. A Amurka galibi ana neman inci 16 a gaban ƙofa da inci 8 a gefe. A Kanada ƙa'idar CSA B365 ta sa milimita 450 a gaba da 200 a gefe. A Ingila kuwa dokar gini ta yarda da shimfiɗa mai kaurin milimita 12 muddin an tabbatar murhun ba zai sa zafinta ya haura digiri 100 ba. Tsohon murhun da ba shi da shaidar gwaji, ƙa'idar NFPA 211 ta tsananta masa: inci 18 ta kowace fuska, kuma idan ƙafafunsa ba su kai inci 2 ba, an hana a girka shi bisa daɓe mai cin wuta.

Don haka nasihata ita ce, a fara da littafin maƙerin murhu da farantin shaidar da ke manne a bayansa, domin su ne farkon abin da mai binciken gini zai duba; a tambayi hukumar ginin gari da kamfanin inshora tun ba a sayi komai ba; a kuma ɗauki hoton kowane rufi kafin a lulluɓe shi, ya zama hujja ranar bincike.

Kada mu ɗauki mai binciken nan maƙiyi, gama aikinsa ɗan'uwan aikin muhtasibi ne, wanda littattafan hisba suka ɗora masa duba tanderun masu gashin gurasa da mafitar hayaƙinsu. Kiyaye rai da dukiya suna cikin manyan manufofin Shari'a, kuma ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a kwanta barci a bar wuta a gida. Wanda sanyi ya tilasta masa kwana da wuta, ya zama haƙƙi a wuyansa ya gina mata mazaunin da ba za ta ci iyalinsa da maƙwabtansa ba.

Allah Ya tsare mu daga gobara.