TARIHIN JERA FURANNI A ƘASAR JAPAN DA YADDA AKE YIN SA



Da aka liƙa sanarwar wannan lacca, wani abokin aikina ya tare ni ya ce, "Malam, ashe ka bar nazarin harshe ka koma gashin burodi?" Ban ga laifinsa ba, domin wanda ya rubuta sanarwar fulawa ya sa, ita kuwa kalmar nan biyu ce a bakinmu: da garin alkama da furen kallo duk fulawa muke ce musu, saboda a Turancin da muka aro su lafazinsu ɗaya ne. Fure kuwa kalmarmu ce ta gado, amma sai ku lura da inda muke amfani da ita. In Bahaushe ya ce wake ya yi fure, ba kyan furen yake yabo ba, albishir yake yi cewa 'ya'ya na tafe. Wani masanin al'adu ɗan Ingila, Jack Goody, wanda ya daɗe yana bincike a arewacin Gana, ya wallafa littafi a 1993 a kan matsayin fure cikin al'adun duniya, abin da ya sa shi rubutun kuwa shi ne mamakin yadda mutanen da ya zauna da su ba su shuka fure don kallo, ba su kuma tsinko shi su ƙawata ɗaki. To, yau ina so in kai ku wurin mutanen da suka mai da tsinken fure ilmi mai malamai da ijaza da silsila, har fiye da shekara 500, wato mutanen Japan. Sunan wannan fasaha a harshensu ikebana, ma'anarsa kuwa ta kusa da a ce raya fure.

Ba su kaɗai suka san ado da fure ba. Lokacin da aka buɗe kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar bayan gano shi a 1922, an tarar da sarƙoƙin fure da ganyen zaitun a jikin akwatunan gawarsa. A ƙasar Sin wani marubuci, Yuan Hongdao, ya yi littafi a kan furen tulu wajen 1599. Daular Usmaniyya ma ta yi wani zamani, daga 1718 zuwa 1730, da har yanzu ake kiran sa da sunan furen da fadawa suka haukace a kansa. Amma a Japan ne kaɗai abin ya zama tafarki da mutum zai bi tun yana yaro har ya tsufa bai ƙure shi ba.

Asalinsa daga ibada ne. Addinin Buda ya shiga Japan ta hanyar Koriya a ƙarni na 6, ya kuma zo da al'adar ajiye abu uku a gaban gunki: kaskon turare, da mazaunin kyandir, da tulun fure. A birnin Kiyoto akwai wani ɗakin ibada mai kusurwa shida, Rokkakudo, wanda ruwayar masu shi ta ce Yarima Shotoku ne ya kafa shi a 587. Malaman da ke hidimarsa suna zaune a wata 'yar bukka a bakin tafki, saboda haka aka yi musu laƙabi da Ikenobo, wato masu bukkar bakin tafki. Wannan duk ruwaya ce ta baka. Abin da tarihi ya tabbatar a rubuce shi ne na shekarar 1462, inda wani malamin Buda ya rubuta cikin littafin ajiye labaransa na yau da kullum cewa Senkei na gidan Ikenobo ya jera furanni cikin tulun zinariya, mutanen Kiyoto suka yi ta tururuwa zuwa kallo. Ku lura, kallo suka je yi. Daga nan fure ya fara fita daga hannun gunki ya shiga hannun masu sha'awa.

Abin da ya taimaka masa shi ne gini. A wannan ƙarni ne manyan Japan suka fara yin wani lungu a bangon ɗakin baƙi, mai kama da alkukinmu, sai dai ya fi shi girma nesa, don daga ƙasa yake tashi. Sunansa tokonoma. A cikinsa ake rataye zane ko rubutu, a ajiye tulun fure a ƙasa. Wannan lungu shi ya haifi babban bambancin da ke tsakanin jerin Japan da na Turai. Bature yana ɗora furensa a tsakiyar tebur, ana kewaya shi, don haka yakan cika shi dam ta kowane gefe. Mutumin Japan kuwa durƙusawa yake yi a gaban lungun ya duba daga fuska ɗaya, kamar mai karatun allo, saboda haka jerinsa yana da gaba da baya, da dama da hagu, da kuma fili da aka bari da gangan. Abin mamaki, wannan duk ya bunƙasa ne a zamanin fitina. Yaƙin Onin, daga 1467 zuwa 1477, ya ƙone yawancin Kiyoto, alhali mai riƙe da mulki a lokacin, Ashikaga Yoshimasa, ya fi damuwa da zane da turare da fure bisa ga talakawansa. A mizanin sarauta ya gaza. Amma abin da ya tara a fadarsa shi ne rabin abin da ake kira al'adar Japan a yau. Na bar wa masana tarihi su yi masa hukunci.

Salo na farko da ya tsaya da ƙafarsa shi ne rikka, wato tsayayyen fure. Babban aiki ne, yakan kai tsawon mutum, yana da manyan rassa bakwai, daga baya suka zama tara, kowane da sunansa da aikinsa: wannan ƙololuwar dutse ne, wancan magangarar ruwa, wancan kuma gari a gindin tsauni. Wani shugaban gidan, Senno, ya bar wa almajiransa wasiyya a rubuce a 1542, inda ya nuna musu cewa manufar aikin ita ce a kawo duwatsu da koguna cikin ɗan ruwa kaɗan da 'yan rassa, ya kuma ce busasshen reshe da tohon da bai buɗe ba suna da matsayi daidai da buɗaɗɗen fure. Rikka ya kai ƙarshen ɗaukakarsa a hannun Senko na biyu, wanda Sarki Go-Mizunoo ya riƙa kira fada. A 1629 sarkin ya yi ta shirya tarukan rikka a cikin gidansa.

Amma kowane ƙawa da ya yi yawa yakan haifi mai ƙinsa. Sen no Rikyu, babban malamin shan shayi, wanda ya rayu daga 1522 zuwa 1591, shi ya tsaya a ɗaya gefen. A ɗan ƙanƙanen ɗakin shayinsa fure ɗaya ko biyu yake sakawa cikin guntun gora, kamar yadda suka tsiro a daji. Akwai labarin da ake bayarwa, ko ya faru ko bai faru ba ya isa a ji shi. Toyotomi Hideyoshi, wanda ya mallaki Japan duka da takobi, ya ji cewa lambun Rikyu ya cika da wani fure dangin duman rafi, mai buɗewa da asuba. Ya aika cewa yana zuwa kallo. Da ya iso da sassafe sai ya tarar an tsinke furen kaf, ko ɗaya babu. Ya shiga ɗakin shayi ransa a ɓace, sai ga fure ɗaya tak a lungun bango, da raɓarsa. Masu yabon Rikyu suna cewa ya koya wa sarki gani ne. Ni kuwa a ganina akwai ƙarfin hali a ciki, har da ɗan izgili, kuma ba na manta cewa Hideyoshin nan ne ya umarce shi ya kashe kansa a 1591. Dalilin hukuncin ba fure ba ne, amma malamin da ke yi wa mai mulki irin wannan darasi ya san da wuta yake wasa.

A ƙarni na 18 da na 19 fatake da masu sana'a na birane suka sami wadata, suka so su ma su yi, amma rikka ya fi ƙarfin ɗakunansu da lokacinsu. Sai aka taƙaita shi ya koma rassa uku masu fitowa daga tushe ɗaya, ana fassara su da sama da ƙasa da ɗan Adam a tsakaninsu. Har zuwa wannan lokaci yawancin masu yin abin maza ne. Bayan juyin 1868, da Japan ta buɗe ƙofa ga Turai, aka sa shi cikin tarbiyyar 'yan mata, har ya zama budurwa mai takardar shaidar jera fure ta fi samun miji. Furannin Turai kuma suka shigo, gajeru masu kauri, ba su dace da dogon tulu ba. Ohara Unshin, wanda ya rasu a 1916, ya warware matsalar da jera su cikin faffaɗan kasko mara zurfi, salon da ake kira moribana. A 1927 Teshigahara Sofu ya kafa makarantar Sogetsu a kan cewa kowa na iya yi, a ko'ina, da kowane abu, har da ƙarfe da dutse. Wata Ba'amurkiya, Ellen Gordon Allen, ta kafa ƙungiyar ikebana ta duniya a Tokiyo a 1956, daga nan abin ya bazu.

Akwai wani gefe da ba a cika faɗa ba. Kowace makaranta tana da shugaba ɗaya, yawanci ta gado, shi ke ba da ijaza mataki mataki, kowane mataki kuma da kuɗinsa. Wannan tsari ya tsare ilmin daga ɓacewa, amma ya mai da shi kasuwa, ya kuma sa almajiri ya fi tsoron saɓa wa malami bisa ga son gano sabon abu. Gidan Ikenobo ya lissafa shugabanni 45 duk maza, alhali mata ne suka cika azuzuwa. Sai a 1989 aka ayyana mace ta farko a matsayin mai jiran gado.

Yanzu bari mu zo ga aikin hannu, don na ga ɗalibai sun fara duban kayan da ke kan teburin nan. Lokacin da nake karatu a ƙasar waje, wata tsohuwa 'yar Japan da muke maƙwabtaka ita ta fara nuna mini, kuma makon farko ba ta bar ni na taɓa fure ba, yanka kawai na yi ta koyo. Ana yanko reshe da sassafe ko da yamma, lokacin da ya ƙoshi da ruwa. In an zo gida sai a tsoma gindinsa cikin kwano a sake yanke shi a ƙarƙashin ruwa. Dalili kuwa, a cikin kara akwai 'yan siraran hanyoyi da ruwa ke bi ya hau. In aka yanka a sarari iska ta shiga ta toshe su, sai fure ya yi yaushi yana tsaye cikin ruwa. Duk ganyen da zai nutse a cire shi, domin ruɓewa zai yi ya ɓata ruwan. Tsiro mai farin ƙaro, irin tumfafiya, ana ɗan babbaka gindinsa a wuta kafin a sa shi, a kuma kiyaye ƙaron daga ido. A irin zafin ƙasarmu ruwan kullum ake sake shi.

Wannan abin mai nauyi da ke hannuna sunansa kenzan: faifan dalma ne da aka kakkafa masa ƙusoshin tagulla, tsininsu na duban sama, a kansu ake soke rassa. Ga awon da ake koya wa ɗan farawa a makarantar Sogetsu. A haɗa faɗin kasko da zurfinsa, a ƙara rabin abin da aka samu, shi ne tsawon babban reshe. Kaskon nan faɗinsa inci 12, zurfinsa 2, sun zama 14, babban reshe ke nan inci 21. Na biyu kashi uku cikin huɗu na babban, wajen inci 16. Na uku kashi uku cikin huɗu na na biyun, inci 12. Babban yakan karkata kaɗan, kamar digiri 15 daga tsaye, na biyu 45 zuwa kafaɗar hagu ta mai jerawa, na uku 75 zuwa dama. Sauran abin da za a ƙara kada ya fi ubangidansa tsawo. Sun fi son adadi mara, suna kuma gudun huɗu, domin a harshensu kalmar huɗu da kalmar mutuwa lafazinsu ya zo ɗaya. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne ragewa. Hannu yana son ƙari, tsohuwar nan kuwa sai ta karɓi almakashi ta zubar da rabin ganyen da na bari, sa'an nan ne lanƙwasar reshen take bayyana.

Ga ma'aikata ina da magana guda. Koren soson nan da masu ƙawata zauren taro ke soke fure a ciki, an ƙirƙiro shi a Amurka a 1954, roba ne, ba ya ruɓewa, yana marmashewa ya bi ruwa. Ƙungiyar masu lambu ta Ingila mai shirya bikin furanni na Chelsea ta hana amfani da shi a bukukuwanta daga 2021. Kenzan ɗaya kuwa sai ya yi wa ofis hidima shekara da shekaru, kuma maƙerin gari zai iya yin irinsa in an nuna masa. Haka nan furen roba da ake saye da kuɗin hukuma, ya sha ƙura shekara uku a kan tebur, ban ga abin da ya fi reshen da ke bayan tagar ofishin ba. Abin da na zo da shi yau duk daga nan kusa na samo shi: busasshen reshen marke, da ganyen gamba, da furen bado guda uku da wani ɗalibi ya tsinko mini a kududdufi da safen nan. Badon ba zai kai gobe da kyansa ba, don haka wanda ke son gwadawa ya matso yanzu, ga almakashi, ga kwanon ruwa.