KAGARA A CIKIN DUTSEN SAMANIYA: YADDA AKA CI SOLOMON DA A BAOA QU



Da sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa ana so in yi magana a wannan zama, kuma an bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai, na san wasu za su zaci ƙididdiga da alƙaluma zan zo da su. To, ku yi mini afuwa, labarin yaƙi na zo da shi, kuma yaƙin da ba a taɓa yi ba. A cikin wani fim ɗin zane na ƙasar Japan aka yi shi. Na ga wasu dattawa sun fara murmushi. Ku ba ni aron kunnuwanku tukuna.

Sunan fim ɗin Mobile Suit Gundam. Wani mutum mai suna Yoshiyuki Tomino ya shirya shi, aka fara nuna shi a talabijin a watan Afrilu na 1979, aka gama a watan Janairu na 1980. Kashi 52 aka yi niyyar yi, amma da yake bai sami kasuwa ba a lokacin, sai aka datse shi a kashi 43. Daga baya ne, da aka harhaɗa shi ya zama finafinai uku a 1981 da 1982, kuma kamfanin Bandai ya fara sayar da 'yan sassan roba da yara ke haɗawa su fitar da siffar injunan yaƙin, sannan abin ya bunƙasa. Shi Tomino an haife shi a 1941, wato yana ɗan shekara uku aka ci ƙasarsa da yaƙi. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ga yadda labarin yake. Mutane sun yi wa duniya yawa, sai aka giggina musu garuruwa a sararin samaniya, kowane kamar ƙatuwar ganga mai tsawon kilomita 30 ko fiye, tana juyawa domin mutanen ciki su ji nauyin jikinsu kamar suna ƙasa. Wannan ba Tomino ya ƙago shi ba, wani malamin kimiyya ne na Amurka, Gerard O'Neill, ya zana tsarin, ya kuma fitar da littafi a kai a 1976. Wuraren da aka kafa garuruwan ma na gaske ne. Akwai gurabe biyar a kewayen duniya da wata inda jan wannan da jan wancan ke daidaita, har abin da aka ajiye ya zauna ba tare da an sha wahalar riƙe shi ba. Ana kiransu da sunan masanin lissafi Lagrange, wanda ya yi aiki a kansu a 1772. Madubin hangen taurari na James Webb da aka harba a Disamban 2021 a irin wannan gurbi aka ajiye shi, sai dai shi nasa na tsakanin rana da duniya ne.

To, a shekara ta 79 ta lissafin labarin, sai rukunin garuruwan da ya fi nisa, wanda ke bayan wata, ya ce ya ɓalle, ya kira kansa Daular Zeon, ya ɗaura yaƙi da Tarayyar Duniya. Cikin wata guda rabin 'yan Adam suka hallaka. Gida ɗaya ke riƙe da Zeon, gidan Zabi: tsoho Degwin a kan gado, babban ɗansa Gihren da ainihin iko a hannu, Dozle da tasa runduna, 'yar'uwarsu Kycilia da tata. Autansu Garma tuni ya mutu a fagen fama a duniya.

Da yaƙi ya juya wa Zeon baya aka kore su daga duniya, abin da ya rage tsakanin Tarayya da gidansu shi ne sansaninsu na Granada a kan wata, da kagara biyu, Solomon da A Baoa Qu. Kowace kagara dutse ce daga cikin duwatsun nan da ke yawo a samaniya, aka jawo shi, aka rarake cikinsa, aka yi ramummuka da ma'ajin jirage, aka jera bindigogi a bayansa. Dalilin yin haka a fili yake: a samaniya babu tudu babu kwari, babu inda mutum zai laɓe, saboda haka wanda ya sami dutse ya sami ganuwa. Bugu da ƙari, a labarin an ce ana watsa wani irin ƙura da ke makantar da na'urorin hango jirage daga nesa, don haka dole a matso a yi gaba da gaba, cikin wasu sulkuna na ƙarfe masu siffar mutum, kowane tsayinsa kamar mita 18, da matuƙi a ciki.

A nan bari in ɗan ratse. Mu yau mun san abin da masu zanen 1979 ba su gani da ido ba. Jirgin Hayabusa na Japan ya kawo ƙurar dutsen Itokawa a 2010, na biyunsa ya kawo ta Ryugu a 2020, na Amurka ya kawo ta Bennu a 2023. Abin da aka tarar shi ne, da yawa daga ƙananan duwatsun nan ba falalen dutse ba ne, tarin tsakuwa da ɓaraguzai ne da suka manne da juna sama-sama. A Satumban 2022 ma an doki wani mai suna Dimorphos da jirgi da gangan, har aka rage lokacin kewayensa da kimanin rabin sa'a. Saboda haka duk injiniyan da aka ba kwangilar gina Solomon, sai ya zaɓi dutsensa da kyau, in ba haka ba ya gina gida a kan yashi.

Dozle ne ke riƙe da Solomon. Ƙato ne, fuskarsa duk tabo, mai tsawa, amma a cikin gidan nan shi ne mayaƙansa ke ƙauna. Ya ga hadari na haɗuwa, ya nemi wansa Gihren ya ƙaro masa mayaƙa. Me aka aiko masa? Injin yaƙi guda ɗaya tak, ƙato, mai suna Big Zam, shi ma a wargaje, sai an haɗa. Dozle ya yi ta faɗa, yana cewa shi yawa yake so. Kycilia kuwa tana da runduna a kan wata, amma girman kai ya hana shi roƙonta da wuri, ita ma da ta tura gudummawa sai bayan an gama. Kun ga ke nan tun ba a harba harsashi ɗaya ba, bango ya riga ya tsage daga ciki.

Ranar 24 ga Disamba Tarayya ta faɗo. Ta fara turo ƙaramar runduna ta gaba, a cikinta har da jirgin White Base wanda yawancin ma'aikatansa yara ne, kyaftin ɗinsa Bright Noa shekararsa 19, gwarzon matuƙinsa Amuro Ray bai wuce 15 ba lokacin da aka fara. Wasu ƙananan jirage suka kutsa suka watsa wani hazo mai kashe kaifin manyan bindigogin kagara, da yawansu ba su komo ba. Dozle ya tattara hankalinsa wajen. Ashe duk wannan ɓad-da-sawu ne. Babbar rundunar, ƙarƙashin kwamanda Tianem, tana can ɓoye a bayan kangon wasu garuruwa da aka rusa tun farkon yaƙi, tana jera madubai, miliyoyinsu.

Waɗanda suka taɓa satar gilashin ƙara girman rubutu daga ɗakin kimiyya suka je bayan aji suka ƙona takarda da rana, kada su sunkuyar da kai, ni ma na yi. To, wannan dabara ce, ba wata ba. Tun zamanin da ake ba da labarin Archimedes ya ƙona jiragen Rumawa da madubai a Sirakus, ko da yake masana tarihi ba su gaskata ba. Amma a Odeillo ta ƙasar Faransa akwai murhun rana na gaske da zafinsa ke wuce digiri 3,000. A samaniya kuwa babu gajimare, babu iska, babu dare in ka zaɓi wurinka. Aka karkata madubai gaba ɗaya, hasken ya taru a gefen Solomon, dutse ya narke, ƙofa da jiragen da ke cikinta suka zama toka. Ganuwar da aka gina don ta tare harsashi, hasken rana ya ci ta cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Abin da Dozle ya yi bayan nan shi ya sa nake ganin wannan fim ya wuce wasan yara. Ya sa matarsa Zenna da jaririyarsa Mineva a jirgin tsira. Ya ba da umarni a bar kagara, kowa ya nemi hanya. Sannan ya hau Big Zam ya nufi tsakiyar rundunar Tarayya domin ya saya wa mutanensa lokaci, har ya sallami waɗanda ke tuƙin tare da shi. Ya nutsar da jirage da dama, har da na Tianem kansa. Harbi daga nesa ba ya kama shi, sai an matso jikinsa. Wani matuƙi mai barkwanci, Sleggar Law, wanda bai daɗe da miƙa wa wata ma'aikaciyar White Base zoben mahaifiyarsa ba, shi ya kai jirginsa ya yi karo da shi, ya mutu, Amuro ya sami ƙofa ya sare injin. Dozle ya fito daga cikin wuta da 'yar bindiga a hannu, yana harbin sulken da ya san harsashinsa ba zai huda ba, har abin ya fashe da shi. Mugun gida ya yi wa aiki, ba na musu. Amma fim ɗin bai bar mai kallo ya yi guɗa ba.

Saura A Baoa Qu. Sunan an aro shi ne daga wata dabbar almara a wani littafin Borges, marubucin Ajantina. Kafin a kai can, tsoho Degwin ya ga abin ya isa. Ya riga ya kwatanta ɗansa Gihren da Hitler a gaban idonsa. Ya shiga jirginsa ba da shawarar ɗan ba, ya tafi neman sulhu wajen Janar Revil, babban kwamandan Tarayya. Gihren kuwa ya kwashe mutanen wani gari guda, ya mai da gangar garin bakin bindiga. Ranar 30 ga Disamba, daidai lokacin da jirgin uban ya matso kusa da na Revil, ya sa aka harba, yana sane. Uban ya tafi, Revil ya tafi, kusan sulusin rundunar Tarayya ya tafi.

Duk da haka ragowar suka taru suka afka wa kagara washegari. Kuma gaskiya ita ce, da farko Gihren na cin nasara, domin ya iya tsara yaƙi. Ana cikin haka Kycilia ta iso, ta tambaye shi ina jirgin mahaifinsu, ta gane abin da ya faru, ta harbe shi a ka a cikin ɗakin ba da umarni, a gaban hafsoshi. Cikin ɗan ruɗanin da ya biyo baya manyan jiragen dakon Zeon suka nutse, mayaƙan Tarayya suka dafe dutsen suka shiga ramummuka. Ita ma ba ta kai labari ba. Char Aznable, hafsan da ke rufe fuska, wanda ashe ɗan mutumin da ya kafa ƙasar ne, yana kuma ɗora wa gidan Zabi alhakin mutuwar ubansa, shi ya harbe ta tana shirin tserewa.

Yanzu ƙannena na baya, ku nake so ku saurara. Akwai wani wuri da Kycilia ta dubi fagen fama ta yi ƙorafin cewa sababbin sulkunansu ba sa taɓuka abin kirki. Sai wani hafsa ya ba ta amsa cewa ai yawancin matuƙan ɗalibai ne. Ƙwararru sun ƙare, an shiga makarantu an kwaso yara, an ba su injuna mafi tsada, an tura su. Har aka nuna ɗaya daga cikinsu, wuta ta kama sulkensa, yana kiran uwarsa. Wanda ya harbe shi kuwa Amuro ne, tsaransa. Wannan bai fi 'yan daƙiƙoƙi ba a fim ɗin, amma Japanawan da suka kalla a 1980 sun san inda aka dosa. A 1943 gwamnatinsu ta janye rangwamen da ke hana ɗaukar yawancin ɗaliban manyan makarantu soja, ranar 21 ga Oktoba aka tara dubbansu a filin wasa na Meiji Jingu a Tokyo, cikin ruwan sama, aka yi musu faretin ban kwana. Iyayen yaran da ke gaban talabijin, wasunsu ƙannen waɗancan ne. Sunan Solomon ma ba baƙo ba ne a kunnensu, don a tsibiran Solomon sojojinsu suka sha kashi a 1942 da 1943.

White Base ta ƙone a jikin dutsen. Gundam ta rasa kai da hannu. Amuro da Char suka ƙare da takubba a wani ɗaki a cikin kagara, sai da ƙanwar Char, wadda ke aiki a White Base, ta shiga tsakani. Yaran jirgin suka tsira a ƙaramin kwale-kwale, Amuro ya biyo su daga baya. Washegari, 1 ga Janairu na shekara ta 80, aka sa hannu a takardar sulhu a Granada, kwana biyu bayan an kashe tsohon da ya fita nemanta.

Shugaban taro na nuna mini agogo.