Jawabi a kan Ostiyofati da Taɓin Hankali

Malam Liman ya umurce mu mu yi muku bayani a kan wani irin aikin jiyya da a ke kira ostiyofati, domin mun ji waɗansu suna tsammani yana warkar da taɓin hankali.

Asalinsa daga wani likitan Amurka ne, Andrew Taylor Still. A 1864 sanƙarau ya kashe masa 'ya'ya uku, maganin zamanin bai tsinana kome ba. Sai ya shiga neman wata hanya, ya bayyana ta a 1874, ya buɗe makaranta a garin Kirksville a 1892. Ra'ayinsa shi ne jikin mutum abu ɗaya ne, watau ƙashi da nama da jijiya da hankali duk a ɗaure su ke da juna. Saboda haka almajiransa su kan yi aiki da hannu, su tausa, su miƙar da gaɓoɓi, amma ba ɗorin karaya ba ne irin na maɗoranmu. A 1914 har gidan jiyyar masu taɓin hankali suka buɗe a Macon. A Amurka yau cikakkun likitoci ne, suna ba da magani, suna fiɗa. A Ingila kuwa ba likitoci ba ne, sai dai dokar 1993 ta tilasta musu rajista.

To, bincike ya nuna tausarsu ta kan rage ciwon baya. Amma babu hujja cewa tana warkar da hauka. Don haka wanda likita ya ɗora a kan magani kada a raba shi da shi domin tausa.

Abin da za mu ɗauka daga gare su shi ne duban mutum gaba ɗaya. Zazzaɓin sauro mai tsanani ya kan juya hankali, haka giya da wiwi da taramol. Mace kuma ta kan rikice bayan haihuwa. In naku ya fara surutai, ku lura ko yana barci, ko yana cin abinci, ko bashi ne ya dame shi, ku faɗa wa likita duka.

Muna roƙonku, kada a sa wa kowa mari a ƙafa, a kulle shi a ɗaki don kunyar maƙwabta. Dokar Gana ta 2012 ta kare haƙƙin irin waɗannan bayin Allah, a 2017 kuma hukuma ta hana ɗaure su. Ga asibitin Ankara tun 1906, ga Ankaful, ga Pantang. A kai su da wuri, a yi musu addu'a, a riƙa zama da su ana hira.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Haza wasalam.