In Saya Yanzu Ko In Jira? Jawabi Kan Fili Da Gida A Garwa



Duk unguwar da muka shiga, daga Yelwa zuwa Pumpumre, tambayar magidanci ɗaya ce: in sayi fili yanzu, ko in jira ya sauko? Ku ji amsa ba ɓoye-ɓoye. Fili ba zai sauko ba. Garin yana cika, an buɗe jami'a a 2022, ɗalibai da ma'aikata duk suna neman ɗaki. Amma gaggawa ma tana cin dukiya.

Na farko, kada ka biya kuɗin filin da ba ka gani da damina ba. Je ka a watan Agusta ko Satumba. Wanda ya ga ambaliyar Binuwai ta 2012 ya san filin da ke da kyau da rani yakan zama tafki.

Na biyu, takarda. A dokar 1974, titir fonsiye ita ce shaidar mallaka a Kamaru, kuma cinikin fili mai titir sai a gaban notar. Takardar jauro kaɗai ba ta hana a sayar wa mutum biyu fili ɗaya.

Na uku, ku 'yan kasuwar iyaka: tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta faɗi warwas. Kuɗin gini a ajiye shi a sefa, ko a mayar da shi bulo da kwano.

To, me ya sa gini ya gagari talaka? Ga kamfanin siminti nan a Figil, cikin jiharmu, amma buhu ya fi ƙarfin mai albashi. Litar mai ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, ta kai 840 a 2024, kuɗin dakon yashi da rodi ya bi ta. Ana yankar albashin ma'aikaci kowane wata don bankin Crédit Foncier, amma mai shago da manomin auduga ba su da takardar albashin da za su nuna a ba su rance. An yi alkawarin gidaje 10,000 da filaye 50,000. Ku duba unguwarku, wa kuka sani da ya samu?

Jam'iyyarmu tana neman abu uku: a sauƙaƙa kuɗi da lokacin fitar da titir, a yanka filaye a kan tudu da hanya da ruwa, a buɗe rancen gida ga masu sana'ar hannu.

Fili sai ka tara kuɗi, ƙuri'a kuwa tana hannunka. Ka karɓi katinka, ka fito ran zaɓe, ka tsaya har a ƙirga. Allah ya ba kowa muhallinsa.