Kayan tattara tarihin gidanmu: jawabin da aka gabatar a Outoul



Bara muka binne wani dattijo a nan Tamanrasset. Da aka zo rabon gado, 'ya'yansa sun san yana da gona a wajen Tawa, amma babu wanda ya san sunan kakansa, balle ƙauyen. Takardarsa ta Nijar ta ce Mahamadou, ta Aljeriya ta ce Mohamed, wasiƙun ajami kuma Mamman. Har yau maganar ba ta ƙare ba. Shi ya sa na roƙi a ba ni minti goma.

Kayan aikin ba su kai kuɗin buhun dabino ba. Na farko littafi mai bango mai ƙarfi, wanda aka ɗinke, don mai waya takardunsa na zubewa. Kowane mutum shafinsa: sunan yanka, laƙabi, sunan uba da na uwa, garin haihuwa, sannan sunan kamar yadda kowace takarda ta rubuta shi, da Larabci da Faransanci, harafi da harafi. Kada ku gyara. Bambancin nan shi ne alƙali zai tambaya. Abin da aka tabbatar a rubuta da biro, abin da ake zato da fensir.

Sai wayar da ke aljihunku, da katin ajiya, da batirin caji. Ku zauna da tsofaffi ku ɗauki muryarsu, musamman iyayenmu mata, don su suka fi riƙe zumunci da aure-aure. Tsoho ba ya ba ka shekara, abin da ya faru yake ba ka. In ya ce zamanin Kawsan a Agadas, 1916 zuwa 1917 ke nan. In ya ce shekarar da Kunce ya hau, 1974. Ku rubuta maganarsa yadda ya faɗa, shekarar a gefe.

Tsofaffin fasfo, katin ɗan ƙasa, rasit ɗin duwan na In Gezzam da Assamaka, hotuna, duk ku ɗauki hotonsu. Na asali su shiga ambulan, ambulan ya shiga akwatin ƙarfe. A nan ƙura da zafi ne abokan gaba, a gida kuwa gara da damina. Kar a manna salatif a tsohuwar takarda, yana cinye tawada. Ni na yi, na yi nadama.

Kwafi biyu nake so kowa ya yi, ɗaya a nan, ɗaya a gida, Maraɗi ne, Damagaram ko Kano. Waya na ɓata a hanyar Arlit, duk mun sani.

Na kawo littattafai ashirin, suna wurin magatakarda. Duk mai so ya karɓa bayan sallar La'asar.