Depite da Gwamnati: Wa ke Tsaron Kuɗin Talaka?



Maganar yau ta shafi mutumin da kowa ya san sunansa ranar zaɓe, amma kaɗan ne suka san aikinsa: depite, wakilin jama'a a majalisar dokoki. A Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, in aka tambayi mutum amfanin depite, zai ce shi ne mai haƙa rijiya, mai biyan kuɗin magani, mai halartar suna da jana'iza. Duk wannan kyautatawa ce, amma ba dominta aka ba shi kujera ba. Kundin tsarin mulki na 2010 ya ɗora wa majalisa nauyi uku: ta yi doka, ta amince da haraji, ta sa ido kan aikin gwamnati. Na ukun nan shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ne ya fi taɓa aljihun ɗan kasuwa da albashin ma'aikaci.

Kayan aikin da doka ta ba depite a zamanin tsarin mulkin 2010 ba su da yawa, amma suna da kaifi. Na farko tambaya ce. Yana iya rubuta wa minista tambaya, ko ya yi masa ita baki da baki a zauren majalisa, ko ya nemi a kira shi, ko a kira faraminista kansa, ya zo ya yi bayani gaban wakilai. Tambaya ba ta tsige kowa, amma tana tilasta wa minista ya faɗi adadi da kwanan wata a bainar jama'a, abin da za a iya riƙe shi da shi gobe. Akwai bambanci tsakanin depite da ya miƙe ya ce talakawa na shan wahala, da wanda ya ce: an ware wa wannan hanya kuɗi kaza a kasafin bara, nawa aka fitar, wa aka ba kwangila, kilomita nawa aka gama? Na farko ya yi jawabi, ya samu tafi. Na biyu ya hana wani barci a ma'aikata.

Na biyu shi ne kwamitin bincike, wanda majalisa ke kafawa don ya bi diddigin wata magana, ya saurari jami'ai, ya duba takardu. Na uku, wanda ya fi su duka nauyi, shi ne kasafin kuɗi. A tsarin mulkin 2010, ba haraji ko patanti ko kuɗin duwan da ya halatta a karɓa sai bisa dokar da majalisa ta amince da ita. Bayan shekara ta ƙare kuma, akwai dokar rufe lissafi, wadda a cikinta gwamnati ke nuna abin da ta tara da abin da ta kashe, tare da rahoton Kotun Lissafi. Nan ne ake gwada alkawari da aiki. Ɗan kasuwar da ya ba yaronsa kaya ya kai Agadas ba ya tsayawa ga lissafin ranar lodi. Yana jiran lissafin ranar dawowa. Majalisar da ke tada jijiyar wuya ranar zaɓen kasafi, ta yi shiru ranar rufe lissafi, ta yi kama da maigidan da bai taɓa tambayar yaronsa ciniki ba.

Sai babbar sanda: ƙuri'ar tsige gwamnati. A tsarin mulkin 2010, sai kashi ɗaya cikin biyar na wakilai sun sa hannu kafin a karɓi takardar, sai an yi awa 48 kafin a jefa ƙuri'a, kuma sai fiye da rabin dukkan wakilai sun yarda kafin gwamnati ta faɗi. Tarihin ƙasar nan ya nuna yadda sandar ke dūka, da kuma abin da ba ta iya gyarawa.

Bayan Taron Ƙasa na 1991 da tsarin mulkin Disamba 1992, an zaɓi majalisa mai kujera 83 a 1993. A Satumba 1994 Mahamadu Isufu ya ajiye muƙamin faraminista, jam'iyyarsa ta fice daga ƙawancen da ke mulki, rinjaye ya sauya. A Oktoba majalisa ta tsige gwamnatin Sule Abdullahi, shugaba Mahaman Usman kuma ya rushe majalisar. Zaɓen Janairu 1995 ya ba ƴan adawa kujera 43. A Fabrairu suka tsige Amadu Sise, wanda shugaban ƙasa ya naɗa ba da yardarsu ba, aka naɗa Hama Amadu. Daga nan aka shiga zaman doya da manja tsakanin shugaba da faraminista, har sojoji suka karɓi mulki ranar 27 ga Janairu 1996. Gwamnati biyu sun faɗi cikin wata biyar, amma rigimar duk ta wa zai riƙe mulki ce. A lokacin nan an karya darajar sefa da rabi tun Janairu 1994, farashin kaya ya tashi, ma'aikata na bin bashin albashi. Sanda ta yi aiki, talaka bai gani a tukunyarsa ba.

Shekarar 2005 ta kawo darasi na daban. A farkonta aka ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari kan kayan masarufi irin su fulawa da madara, har da ruwa da lantarki, alhali damanar 2004 ta yi gardama, fari sun yi ɓarna, hatsi ya yi tsada. Ta majalisa dokar ta bi. Da wakilai sun zauna da ƴan kasuwa da ƙungiyoyin ƙwadago tun dokar na hannun kwamitin kuɗi, da sun ji abin da zai biyo baya. Sai da ƙawancen ƙungiyoyin farar hula masu yaƙi da tsadar rayuwa ya fito kan titi a watan Maris, aka rufe kasuwanni da shaguna a Yamai da sauran manyan garuruwa, aka kama shugabanninsa irin su Nuhu Arzika, sannan a Afrilu gwamnati ta sassauta. Aikin da ya kamata a yi cikin zaure, titi ne ya yi shi, ƴan kasuwa kuma suka biya da kwanakin cinikinsu. Rigakafi ya fi magani.

A 2007 kuwa sandar ta faɗa kan magana mai tushe: kuɗin ma'aikatar ilimin firamare, waɗanda aka tanada don lekol da littattafai da tebura, aka yi sama da faɗi da wani kaso nasu. A 2006 majalisa ta yarda a gurfanar da tsoffin ministocin ilimi biyu. Ranar 31 ga Mayu 2007 wakilai 62 cikin 113 suka tsige gwamnatin Hama Amadu, cikinsu har da na ɓangaren masu rinjaye. Wannan abin a yaba ne. Sai dai a lura: binciken da masu ba da tallafi na waje suka sa aka yi, da jaridu masu zaman kansu, su suka fara tono maganar. Shekaru kuɗin suka yi suna zurarewa, majalisa na zaɓen kasafin ilimi kowace shekara. Da an yi ƙananan tambayoyi a kan kari, da ba a kai ga babbar sanda ba.

Me ke ɗaure hannun depite? Da farko jam'iyya. Tsarin mulkin 2010 ya ce depite wakilin ƙasa ne baki ɗaya, ba wanda ke da ikon tilasta masa ƙuri'a. Amma jam'iyya ce ke jera sunaye a takardar takara, kuma wanda ya fice daga jam'iyyarsa don kansa ya rasa kujerarsa. Saboda haka na ɓangaren gwamnati kan ɗauki tambaya a matsayin cin amana, ya bar wa ƴan adawa aikin, su kuma a ce siyasa suke yi. Alhali tambayar ɗan gida ita minista ya fi tsoro, don ba zai iya cewa ta maƙiyi ce ba. Sai rashin ƙwarewa: kasafi littafi ne mai kauri, cikin Faransanci, minista na zuwa da tarin ƙwararru, depite na zuwa shi kaɗai. Sai kuma barazanar rushe majalisa, kamar yadda shugaba Tanja ya yi a Mayu 2009 lokacin rikicin tazarce.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai zaɓen da ke kai wa depite takardar magani da buƙatar ragon suna kullum, shi ke tura shi ƙofar minista neman kwangila da alfarma. Wanda ya roƙi minista da safe ba zai iya titsiye shi da yamma ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Nan ne ɗan kasuwa da ma'aikaci ke da rawar takawa. Ɗan kasuwa ya san shinge nawa ke tsakanin Dan Isa da Maraɗi, ya san abin da ya biya da abin da aka rubuta masa a takarda. Malamin lekol ya san ajin da ke cikin zana, ma'aikacin asibiti ya san ranar da magani ya yanke. Wannan sani, in an tsara shi a rubuce ta hannun ƙungiyar ƴan kasuwa ko ta ƙwadago, ba tare da tona sirrin aiki ba, shi ne ke zama tambaya mai haƙori a bakin depite. Sannan in wakili ya dawo gida, a tambaye shi: minista nawa ka kira, wace amsa aka ba ka, yaya ka yi ƙuri'a ranar haraji?

A Yuli 2023 sojoji suka dakatar da tsarin mulkin 2010, majalisar da aka zaɓa ta tafi tare da shi; majalisar shawara da aka kafa a 2025 naɗa membobinta aka yi. Amma haraji bai tsaya ba, kasafi bai tsaya ba, saboda haka buƙatar mai tambaya ba ta kau ba. Duk ranar da aka sake kafa akwatin zaɓe, ma'aunin da ya dace a auna ɗan takara da shi guda ne: zai iya duban minista na jam'iyyarsa ya ce masa kawo lissafi? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Allah ya ba ƙasa wakilai masu riƙon amana, ya ba jama'a basirar zaɓensu.