Lissafin Gona da Turke

Tun da yanzu mun iya rubuta lamba, yau sai mu kai ta gona.

A nan ƙasarmu, daga Ungogo har Bichi da Dambatta, mutane sun yi yawa, fili ya yi kaɗan. Gona ba ta samun hutu, sai dai taki.

A ce mun sami gero dami 60. Zakka ta ɗauki 6, saura 54. In gidanmu yana cin dami ɗaya a mako, shekara ta cinye 52. Saura 2 ke nan, kuma a ciki za mu fid da iri. To, ina kuɗin ƙodago? Ina na suna da biki? Rashin wannan lissafi ke sa mu sayar da hatsi da kaka yana arha, mu koma saye da damina yana tsada.

Ashe ribarmu tana wajen wake da gyaɗa da dabba. In mun ɗaure ragon turke, mu rubuta kuɗinsa, da na dusa da kanwa da magani. Harawa ma mu yi mata kuɗi, ko da ta gonarmu ce, gama a kasuwa ba kyauta ake ba da ita ba. Ran da muka sayar gab da Babbar Salla, sai mu ɗebe. Mu ƙidaya mangalar takin da ya bar mana kuma.

Dattawanmu sun ga farin 1973, sun ga cutar da ta kashe gyaɗa a 1975. Waɗanda ke da awaki a gida sun sami abin kaiwa kasuwa.

Mako mai zuwa kowa ya zo da yawan dammansa a rubuce.